Cibiyar da Na Yi wa Fulako

A gidanmu, idan aka miƙo maka abinci a gidan mutane, ba ka sa hannu a tayin farko. Ko hanjinka na kuka har na kusa da kai yana ji, cewa za ka yi ka ƙoshi. Mai gida ya sake tayi, ka ce ai yanzun nan ka tashi daga kan kwano. Sai ya ɓata rai, ya ce ashe ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba, sannan ka matso a hankali ka ɗan taɓa. Haka kakata ta rene mu a Gombe, da harara da ranƙwashi. Ita tana ce wa abin pulaku, Hausawan gari su ce fulako, kuma har gobe ban ga aibin wannan tarbiyya ba. Sai dai wasa ne na mutum biyu. Idan ka ƙi, dole ɗayan ya san cewa aikinsa ne ya sake miƙowa.

Ina da aboki tun muna yara a makarantar kwana. Batangale ne daga kudancin jihar, Kirista, ɗan malamin firamare. Shi kam ko kusa bai san wannan wasa ba, ko kuma ya sani ya yi biris da shi. Duk hutu sai ya biyo ni gida, kuma kafin mahaifiyata ta gama dire kwano ya riga ya wanke hannu. Ita kuwa sonsa take yi saboda haka, tana cewa yaron nan ba ya wahalar da mai girki. Muka girma, muka yi karatu, Allah ya sake haɗa mu a jami'a ɗaya, tsangaya ɗaya, muna koyarwa. Ni sinadarai na karanta, shi kuma ƙwari. Yana ce mini Modibbo, wato malam da Fulatanci, don tsokana, ina ce masa Sarkin Ƙwari.

Wani dogon yajin aiki ne ya zaunar da mu. Babu aji, babu albashi, sai zaman gindin dogonyaro a ƙofar gidana da ke Barunde, muna shan shayi muna zagin duniya. A lokacin maganar wake ce ta cika gari. 'Yan kasuwa na tsoron ƙwaro ya mayar musu da wake gari a cikin sito, sai su yi ta antaya masa fiya-fiya da duk wani magani da hannunsu ya kai, mutane su saya su ci su kwana suna murƙususu. Ranar nan na ɗauki tsinke na fara zane a ƙasa. Na ce da a ce akwai wuri, ba na gwamnati ba, ba na jami'a ba, inda mutum zai zauna ya yi binciken yadda za a adana wake ba tare da guba ba. Wurin da idan kana son kwalbar asid guda za ka aika a sayo, ba sai takardarka ta zagaya kwamiti bayan kwamiti ba, har ɗalibin da kake nema wa ita ya gama ya yi aure. Na zana ɗakin gwaji, na zana sito, na zana inda manoma za su zauna. Ni na zana. Ina maimaitawa ne domin yanzu idan ka ji ana ba da tarihin wurin a rediyo, sai ka rantse a mafarki aka nuna wa mutum ɗaya.

Abokina ya dubi zanen ya ce, "Wa zai biya?"

Nan ma ni na san amsa. Akwai wani Alhaji, aminin mahaifina, Bakatsine ne da ya zo Gombe tun yana saurayi da buhu ɗaya a ka, yanzu tirelolinsa ke lodin wake daga kasuwar Tudun Hatsi zuwa Kudu. Na ji labarin wani babban mai saye ya dawo masa da kaya saboda warin magani, abin kuma ya yi masa ciwo fiye da asarar, domin mutum ne mai tattalin sunansa. A motata muka je, har man da aka ƙona nawa ne.

Bayan la'asar muka same shi a zaure. Na yi bayani tun daga tushe, shi abokin nawa bai fi ya gyaɗa kai ya sa baki nan da can ba. Alhaji na saurare yana jan carbi. Da na gama ya sunkuyar da kai har na fara zaton barci ya ɗauke shi. Can ya ɗago ya ce yana da gida a GRA da ba kowa a ciki sai ƙadangaru, ya bayar. Yana kuma da jerin shaguna a Bolari, zai yi waƙafinsu, duk abin da hayarsu ta kawo na wurin ne, ko yana raye ko ba ya raye. Sharaɗinsa guda ne: wanda zai riƙe wurin sai ya bar jami'a gaba ɗaya, domin shi ba ya haɗa harka da mai raba ƙafa.

Sai ya juyo gare ni. "Ɗana, kai za ka riƙe."

Murna ta kama ni. Na sunkuyar da kai yadda aka koya mini, na ce, "Haba Baba, ina ni ina wannan nauyi? Ga dai wanda ya fi ni cancanta a zaune." Na nuna abokina da hannu biyu.

Duk ɗan da aka haifa a garin nan ya san abin da ya kamata ya biyo baya. Shi zai ce a'a, ai Modibbo ne ya kawo maganar. Ni in sake nokewa. Alhaji ya tsawata mini, ya ce ba shawara yake ba ni ba, umarni ne. Sai in ce to, tunda Baba ya matsa. A sha addu'a a tashi, kowa da mutuncinsa.

Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai fa, Dakta?"

"Zan iya, Alhaji. Na karɓa."

Haka kawai, ko numfashi bai ja ba. Alhaji ya yi dariya har da dukan gwiwa, ya ce, "Ciniki ya faɗa." Ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, ni ma na shafa, ban san abin da na karanta ba.

A hanyar dawowa mutumin nan sai godiya yake zuba mini. "Modibbo, ban taɓa sanin haka kake ganina ba. Ka ba ni kunya yau." Kunya fa ya ce. Saura ƙiris in haye wani mai keke a mahaɗar Bolari, na leƙa ta taga na wanke bawan Allah tas, alhali laifin nawa ne na tuƙi. Abokina ya ce in yi a hankali, yunwar yajin aiki ce ke taɓa ni.

Da na faɗa wa uwargida, maimakon ta taya ni jin zafi, dariya ta yi har ta zauna a bakin gado.

Na ce, "Mutumin da ya tashi a gidanmu, ya ci tuwon Inna, zai ce bai san halinmu ba?"

Ta ce, "Ya san ka da ƙin tuwo, Malam. Bai san ka da ƙin aiki ba. Ka tashi gobe ka je ka ce masa kana so."

In je in ce ina so. Ni. Na ce mata ta bar maganar, na san zai dawo cikin hankalinsa. Na tabbata zai kwana ya tashi ya gane katoɓarar da ya yi, ya zo ya ce mu koma wurin Alhaji a gyara. Ya zo kuwa, amma zuwa ya yi ya shaida mini ya ajiye aikin jami'a. Abokan aikinmu suka ce ya haukace, ina aka taɓa barin fansho a bi alkawarin ɗan kasuwa? Na shiga cikinsu muka yi ta girgiza kai. Gaskiyar magana, so na yi abin ya rushe. Ba na son wani mugun abu ya same shi, amma na so ya dawo yana sosa ƙeya, in ce masa ba komai, ai dama aikin na mutum biyu ne.

Bai rushe ba. Ina ji ina gani aka yi rajista, aka kafa kwamitin amintattu, aka fasa bangon falon gidan GRA aka jera tebura masu siminti. Ban taɓa tambaya ba, amma babu abin da ya wuce ni. Hanyata ta zuwa aiki ba ta bi ta GRA ba, sai ga shi na gano cewa titin can ya fi lafiya ga tayoyin motata. Kullum in rage gudu a daidai gidan, in saci kallo, in ga an ɗora faifan sola a kan rufi, in ga an kawo duro-duro, in wuce raina a jagule.

Ya sake yi mini magana, kada in yi masa ƙarya. Amma ku ji inda ya yi ta. Ina garejin bakanike a Bolari, an kwance mini ƙafar mota, ina zaune a kan wani benci mai maiƙo, sai ga a-kori-kura sabuwa da sunan cibiyar a jikinta. Ko fitowa bai yi ba. Ya zuro kai ta taga ya ce, "Modibbo, ɓangaren sinadarai fa babu kowa. Ka zo mana."

A gaban makanikai, da masu sayar da rake, kamar mai neman lebura a bakin kasuwa. Wurin da na zana da hannuna, a gayyace ni cikinsa ta tagar mota, in zama yaron wanda na kai. Na ce, "Ayyuka sun yi mini yawa yanzu." Na ce a raina, to, ga dama ta samu, kashe motar nan ka sauko, ka ja ni gefe, ka ce ba ka yarda ba.

Ya ce, "Na gane. Allah ya taimaka." Ya ja motarsa ya bar ni da hayaƙi.

Ranar buɗe cibiyar na je, don kada a ce. Layi na biyu aka zaunar da ni, bayan dillalan Tudun Hatsi. Abokina ya tashi ya yi jawabi, ya gode wa Alhaji, ya gode wa matarsa, sannan ya nemo ni da ido ya ce akwai amininsa da ya ba shi ƙwarin gwiwa tun farko. Aka tafa, na ɗaga hannu ina murmushin da ya fi kuka ciwo. Ƙwarin gwiwa, sai ka ce ɗan kallo a bakin fili. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bayan jawabi aka zagaya da mu. Akwai wani ɗaki da aka cika da kwalabe, kowace da wake da ƙwari a ciki, ana kiwonsu don gwaji, kuma an sa musu esi saboda kada zafi ya dame su. Na tsaya ina kallon ƙwarin nan suna shan sanyi. Ofishina na jami'a fankarsa ta mutu tun kafin a ba ni shi, a ciki nake gasuwa ina duba takardun jarabawar ɗaliban da ban san fuskar rabinsu ba. Ban taɓa zaton zan yi ƙyashin ƙwaro ba sai ranar.

Daga baya na ɗan yi wa Kawuna ƙorafi a kaikaice, shi kuwa dattijo ne, ya gane inda na dosa. Ya je ya sami Alhaji da zancen. Abin da ya dawo mini da shi ya fi na farko ɗaci. Wai Alhaji ya ce ya san fulako sarai, ai a cikin Fulani ya tsufa. Amma shi ɗan kasuwa ne: ya taya, na ce albarka, na kusa da ni ya ce ya sallama. Idan ya koma kan na farko bayan an shafa fatiha, wa zai sake yarda da bakinsa a Tudun Hatsi? Wato ni buhun wake ne da aka tsallake. Kawu ya ce in yi haƙuri, rabon mutum ba ya wuce shi. Na ce haka ne, amma ban ji sanyi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, abin mutumin sai gaba yake. Suka gwada toka, suka gwada yashi, suka gwada duro mai murfi da buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga, suka tantance wanda ke aiki da wanda tatsuniya ce. Mata masu ƙosai suka fara tambayar dillalai ko waken na buhun cibiya ne. Aka ba shi fili a rediyo yana magana da manoma, da Hausarsa ta mutanen kudancin jihar da har yau ba ta bambanta mace da namiji, kuma jama'a na sonsa a haka. Da na ji muryarsa sai in murɗa tasha. Uwargida ta sayo waken buhun nasu, na ce ni daga yau na daina cin wake, yana kumbura mini ciki. Na yi watanni ina kallon yara na cin alale da man ja, ƙamshi na dukan hancina, ina tauna burodi. Ta bar ni har na gaji don kaina. Ranar da na saki, ta turo mini farantin ƙosai ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce, Malam. Ci, ka ji."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai san ana yaƙi ba. Duk Kirsimeti shinkafa da kaji na zuwa daga gidansa, duk Babbar Sallah cinyar rago na tafiya daga nawa. 'Ya'yana na ce masa Bappa, nasa na ce mini haka. Idan muka haɗu a wurin biki ko jana'iza sai ya rungume ni ya hau ba ni labarin ƙwari, yana neman shawarata a kan wannan da wancan, in ba shi a taƙaice, ya rubuta a tafin hannu ya yi godiya. Da gaba yake yi da ni da na sami abin riƙewa. Amma ka yi ta hura wuta a ciki kai kaɗai, wanda kake yi dominsa yana tambayarka ya jikin Inna.

Daga bakin babbar 'yata na ji labarin na'urar. Ita ma sinadarai ta karanta, a sashenmu, a hannuna, kuma ba don 'yata ba ce, ban koyar da mai kai irin nata ba. Ta gama bautar ƙasa ta dawo gida, tana ɗan koyarwa a wata makarantar kuɗi kafin wani abu ya samu. Muna cin abinci ta ce, "Baba, ka ji an kawo wa su Bappa na'urar nan? Tana cikin akwatinta ma, ba a buɗe ba."

Na ajiye cokali. Na'ura ce da ake ɗiga mata ruwan abin da aka jiƙa, ta rarrabe duk sinadarin da ke ciki, ta gaya maka ko akwai guba a wake, wace iri, kuma nawa. Sunanta na Turanci dogo ne, ba sai na wahalar da kowa ba. Tun ina ƙaramin malami nake koyar da ita. Da alli nake zana ta a allo, in nuna ta inda abu ke shiga da ta inda yake fita, ɗalibai su kwafa, in tambaye su a jarabawa, su zana mini ita su ci maki. Na san cikinta fiye da yadda na san cikin motata. Amma sau ɗaya na taɓa ganinta ido da ido, a wani taro a Kudu, ta bayan gilashi, a kashe, an lulluɓe rabinta da leda. Na roƙi jami'a ta saya har na gaji da roƙo. Yanzu ga ta a garinmu, a gidan da na zana a ƙasa, kuma Sarkin Ƙwari ko inda ake kunna ta bai sani ba.

Ba a yi mako ba ya kira ni a waya. "Modibbo, ni da Alhaji za mu zo gida ranar Asabar da hantsi. Akwai magana."

Alhaji a lokacin ya tsufa, ko kasuwa ya daina fita. Idan har zai tako zuwa Barunde da sandarsa, ai ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Na ce alhamdu lillahi, a ƙarshe dai wani ya koya wa mutumin nan yadda ake neman mutum. Na sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa dardumar da ba a fito da ita sai da Sallah, aka yanka kaji. Na fito da babbar rigata. A raina har na fara lissafin wanda zan bar wa kwasa-kwasaina, da irin kallon da zan yi wa shugaban sashe ranar da zan yi masa sallama. Na kuma tsara amsata: zan ƙi sau ɗaya, kaɗan, da murya mai laushi, don kada a ce ɗan gidanmu ya yi zalama. Da Alhaji ya sake buɗe baki zan ce to.

Uwargida na gyara mini wuyan riga ta ce, "Malam, don Allah, in an miƙo ka karɓa."

Na ce ta koma kicin, na san abin da nake yi.

Suka zo da goro da dabino da turare, abokina na riƙe da hannun Alhaji har ya zaunar da shi. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi wa mahaifina addu'a. Sannan Alhaji ya ce, "Ɗana, alfarma muka zo nema a gidan nan. Dakta, yi bayani."

Ya gyara zama. Ya ce na'ura ta iso, kamfanin da ya sayar zai turo injiniya ya haɗa ta, kuma a cikin cinikin mutum ɗaya tak zai koya wa aiki da ita. Suna son wanda ya san sinadarai ciki da bai, wanda zai zauna da ita ya riƙe ɓangaren gaba ɗaya. Ina jinsa ina kallon zanen darduma, ina danne murmushi.

"Modibbo," ya ce, "sau biyu maganar wurin nan na zuwa gabanka kana cewa a'a. Na san jami'a na ranka, kuma na girmama hakan. Ba zan tsufa ina damunka ba. 'Yarka muka zo roƙo."

Ban ɗago ba. Ya ci gaba, wai ya karanta aikin da ta yi na kammala digiri a kan ragowar magani a wake, bai ga kamarsa ba. Wai ya tambaye ta, ta ce tana so, amma ba za ta taka ko'ina ba sai abin da na ce. Ta ce tana so. Tattaɓa-kunnen kakata, a tayin farko.

Na juya na dubi Alhaji. Shi ya sani. Na rantse ya sani, domin da idonmu ya haɗu sai ya mayar da nasa kan carbi, ya shiga ja da sauri. Daga bayan labule na ji uwargida ta yi gyaran murya. Kalma biyu ce kawai, "Ni fa?", ta taso har maƙogwarona, kuma a karon farko a rayuwata na ji zan iya furta ta, kakata ta yi haƙuri. Sai na ga inda za ta faɗa. Mutum ɗaya injiniyan zai koya wa. Idan na ce ni, abokina zai yi tsalle ya rungume ni, na san shi, kuma yarinyar da ke tsaye a bayan labule kusa da uwarta za ta koma makarantar kuɗi ta ci gaba da koya wa yara sunayen gishiri. A da tsakanina da wurin nan al'ada ce kawai. Yanzu 'yata ce a tsakani, kuma uba ba ya cire loma daga bakin ɗansa.

Na ce, "Na ba ku ita. Allah ya sa albarka."

Abokina ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ce dama ya san ba zan hana ba. Aka kawo abinci ya ci kajina har da neman ƙari. Da za su tafi, Alhaji ya dafa kafaɗata a bakin mota, ya ce, "Ka haifu, ɗana." Ban san ko yabo ba ne ko ta'aziyya.

Kwanakin da suka rage kafin injiniya ya zo, kullum bayan la'asar sai ta kawo kujera kusa da tawa a gindin bishiya, in bi da ita na'urar daki-daki, abin da ke faruwa a kowane lungu, da irin kurakuran da littattafai suka ce ana yi. Ban rage komai ba. Duk abin da na tara na juye mata, tana ta tambaya, idonta na ƙyalli. Ina alfahari da ita, wannan gaskiya ne. Ina kuma jin wani abu na cina a ƙasan haƙarƙari, wannan ma gaskiya ne, kuma babu wanda ya kori ɗaya.

Ranar da aka kunna na'urar ta dawo gab da magariba, ko mayafi ba ta cire ba ta zo ta durƙusa a gabana. Ta ce komai yadda na faɗa yake, har injiniyan ya tambaye ta a ina ta taɓa aiki da irinta, ta ce babanta ne ya koya mata. Na ce madalla.

"Amma Baba, ba ka gaya mini tana ƙara ba."

"Ƙara?"

"Eh mana. Idan ta fara aiki tana wani ɗan ƙas, ƙas, a hankali, sai kuma ta yi kamar tana jan numfashi. Da farko har na tsorata, na zata na ɓata wani abu. Ya ce haka take, da kunne ma ake gane lafiyarta."

Ta tsaya tana kallona, tana jiran in ce ai na manta ne ban faɗa ba. Duk shekarun nan ina zana ta a allo, babu littafin da ya ce tana ƙara.

Na ce, "Sake yi in ji."

Ta sake kwaikwaya mini da bakinta, tana dariya. Na saurara da kyau. Aka kira salla, na ɗauki buta na fita.